Direban da Ya Cire Tankin Fetur

Bari in ba ka misalin wani direban tasi da ke zaune a birni, wanda ya bar yayarsa a wani ƙauye can ƙarshen kwalta. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta riƙa tauna masa gyaɗa tun bai yi haƙori ba. Da fetur ya yi tashin gwauron zabi, zuwa gida ya gagare shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, shi dai sai gaisuwa ta waya. In ya ɗauki tsohuwa mai ƙanshin daddawa a motarsa, sai ya yini da kewar yayarsa. Ya tsani fetur tsana mai tsanani, har ba ya son jin warinsa a hannu.

Da ya samu hali, ya kai motar gareji aka juya injinta ya koma shan gas. Bakanike ya ɗaure tukunyar gas a but, can bayan mota, ya ja bututu zuwa inji, ya sa maɓalli kusa da sitiyari, ya ce masa ya bar tankin fetur yadda yake, ya riƙa ajiye ɗan kaɗan a ciki, domin in gas ya ƙare a inda ba gidan gas, danna maɓallin nan kawai zai yi. Mutumin naka ya ce atafau. Ya rantse abin da ya raba shi da gida ba zai sake shiga motarsa ba, ya sa aka kwance tankin, ya tsaga shi biyu ya ba matarsa ta riƙa zuba wa awaki ruwa. Mai fushi ai gani yake ya fi kowa dabara. Ana nan sai yayar ta kira shi, ta ce ɗanta ya biya mata Makka, kuma an ce jirginsu ya kusa. Ta ce: "Ka zo mu yafi juna, ƙanena. Tafiyar tsoho ba a san dawowarta ba." Ya cika tukunya maƙil, ya sayo mata darduma da takalmin roba mai laushi, ya kama hanya yana ta shirya abin da zai faɗa mata.

Ashe ruwa ya cinye gada. Aka karkatar da shi ta wani dogon zagaye cikin laka, kuma kafin ya hau kwaltar garinsu gas ya ƙare, mota ta yi tari ta mutu, har yana hango rimin ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Abin takaicin, a gindin wata tsamiya ya tsaya, inda wani ɗan bumburutu ya jera kwalaben fetur suna ƙyalli a rana. Mai fetur ɗin ya taso da mazurari, ya zagaya motar, ya buɗe murfi ya leƙa, ya ga ƙasa ta cikin ramin. Babu babur, babu mota, duk sun tafi rakiyar maniyyata, wayar ma ba ta kamawa a wurin. Direba ya rungumi dardumar ya fara takawa. Bai yi nisa ba ya ji ham, sai ga ayarin maniyyatan ya taho a guje, an kira jirgi, filin jirgi suka nufa kai tsaye. Ya tsaya tsakiyar hanya yana ɗaga hannu, amma wa zai tsaya wa baƙo a daji a wannan zamani? Bas ɗin mata ta kauce masa ta wuce. Ya ga fararen mayafai a jere a taga, bai iya ware nata ba, sai ya ɗaga wa kowace taga hannu, yana cewa ya yafe, ita ma ta yafe masa, har motar ta ɓace a kwana.

Sabon abu yana da daɗi, kuma gas ɗin bai cuce shi ba, iyakar tafiyarsa ya yi. Amma da ya bar wa tsohon tanki gurbinsa, da kwalba ɗaya ta kai shi gaban yayarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.