Mai Jiran Aikin Hamidu

Buhun gyaɗa na kan wuyan Hamidu lokacin da Hayatu, akawun kamfani, ya sanar da shi an sake rage ladan dako.

"Farashi ya faɗi a Faransa," in ji Hayatu. "In ba ka iyawa, ga wancan yana jira."

Ya nuna hayin hanya da haɓa. Can gindin tsamiya wani ƙato ke zaune bisa tabarma, bargo rufe da ƙafafunsa, kafaɗunsa kamar an sassaƙa su don dako. Kullum fuskarsa na kallon ma'aunin gyaɗa.

Shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar 'yancin kai ce. A Cadawa an sha kiɗa, an sha alkawari, amma kamfanin da ke sayen gyaɗa ko fentin ƙofarsa bai canza ba. Shi ke yanka wa manomi farashi, shi ke yanka wa lebura lada. Akawu kuwa sai sabon keke.

Da aka yi ragin farko, sauran 'yan dako suka naɗe tabarminsu suka yi kudu. Hamidu bai bi su ba. Ya baro tsohuwarsa a Gidan Sori da rumbu wayam, don gonar hatsin ma gyaɗa suka shuka mata, kuma da ladan nan yake aika mata abin tuwo. Ya rage shi kaɗai. Bayan tsibin buhuna yake kwana, nan yake cin rogonsa, ba mai ce masa sannu.

Ƙaton nan kuwa haƙuri gare shi na ban haushi. In Hamidu ya fito da safe, yana nan. In ya tashi aiki, yana nan. Ko salla a zaune yake yinta, kamar mai tsoron ya miƙe a ba wani gurbin. Da azahar Hayatu da kansa ke kai masa ƙwaryar fura, Hamidu na kallo, maƙogwaronsa a bushe.

Wani lokaci mutumin yakan ɗaga masa hannu. Hamidu sai ya tofar da yawu ya juya baya. Ya tsane shi, yana kuma tsoronsa ƙwarai.

Don haka ya haɗiye ragi na biyu. Ya yi dako da zazzaɓi, ya yi da gurɗewar ƙafa, don kar a ga ya zauna. Hatsin da yake aikawa gida ya koma rabi.

Yau kam abin ya isa. Ladan da ya saura ko shi kaɗai ba ya ciyarwa, balle tsohuwa. Ya dire buhun, ya tsallaka hanya, bai san ko roƙo zai yi ko dambe ba.

"Bawan Allah, me na yi maka?" in ji Hamidu. "Uwa gare ni. Ka bar mini aikina."

"Wane aiki?" in ji mutumin. Fuskarsa ta cika da murna. "Akawu cewa ya yi in zauna nan kawai, ya riƙa ba ni fura. Tun farkon kaka nake ɗaga maka hannu ko ka zo mu yi hira. Zauna mana."

Ya janye bargon don ya ba Hamidu wuri, sai ga ƙafafunsa biyu a shanye tun daga cinya, kowace ba ta fi kaurin muciya ba.