Tagar Ɗakin Haihuwa

Tunda ka ce an turo ka ne ka gano abin da ke hana mata haihuwa a asibiti, ajiye takardar nan ka saurara. An yi wata malamar asibiti, ungozoma mai ilimi, aka kai ta wani ƙauye inda haihuwa ke cin mata. Ba ta da ƙyuya, ba ta da wulaƙanci. Ranar awo mata kan cika mata baranda, amma in naƙuda ta tashi ko ɗaya ba ta gani, sai dai ta ji an ce wance ta sauka a gida, wance kuma ta tafi da abinta a ciki. Ta ce jahilci ne, ta sa mai shela ya zaga gari da kasuwa. Shiru. Ta ce nisa ne, ta matsa har aka ajiye babur mai ƙafa uku a ƙofar asibiti. Ya yi wata huɗu kaji na sheƙe ayarsu a ƙarƙashinsa. Ta ce to, mazan ne ke hanawa, bari ta ja su a jiki. Dama dattawan garin a gindin wani durumi suke wuni, jikin bangon asibitin, tun kafin a gina shi. Ta sa aka kafa musu benci biyu da randar ruwa. Majalisa ta ƙara cika, ita kuwa tana murna ta samu goyon bayan manya.

A cikin masu zuwa awo akwai matar wani maƙeri, cikin fari, ba ta taɓa fashi ba. Malama ta ga ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, ta riƙe hannunta ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta haihu a gida. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to. Ran da abin ya zo, tun hantsi take durƙushe a ɗakin uwarta, ba a kawo ta ba sai bayan la'asar, a kan amalanke, tana jijjiga, ta cije harshe. Malama ta yi iyakar yinta. Jaririya ta fito da rai, uwar ba ta kai magariba ba. Ran sadakar uku malama ta je gaisuwa, ta zauna gaban uwar mamaciyar, ta kasa riƙe hawaye, ta ce, “Inna, me na yi muku?” Tsohuwar ta ce, “Ba ki yi mana komai ba, 'yar nan. Tagar ɗakin haihuwarki ina take kallo? Surukinta kullum yana gindin durumi. Haihuwar fari, ta yi nishi uban mijinta na ji? Sau uku na ce mu tafi, ta riƙe ƙafar gado.” Malama ta ce, “Me ya hana ku gaya mini?” Tsohuwar ta ce, “Kin tambaya?”

Kashegari malama ta shiga ɗakin haihuwar ita kaɗai, ta tsaya tsit. Ta ji wani dattijo ya ɓare goro a waje, ta ji na kusa da shi ya ce a san masa. Shekara biyu tana aiki a ɗakin nan, ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba. A ranar ta kwashe kwalayen ɗakin ajiya na can baya, mai kallon gonar dawa, ta ja gadon haihuwa da hannunta ta kai can, ta sa aka fasa ƙofa ta wajen hanyar rijiya, inda mata kaɗai ke bi. Kafin lokacin kaka ya zo, malama ta karɓi haihuwa tara. Aikin wuni guda ne, ka ji, wuni guda. Jaririyar maƙeri kuwa, kakarta ce ke goyo ta kawo ta rigakafi, malama ta ɗiga mata magani a baki ba ta iya haɗa ido da tsohuwar. Saboda haka kafin ka rubuta komai, je ka zauna da matan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.