Sanarwar Ƙarfe Huɗu

Shekara biyu ke nan da aka raba wa kowane gida da shago sabuwar rediyo mai murya tangaran, wadda doka ta hana a kashe. Sai dai ba ta kama tashoshin ƙetaren iyaka. Can mahaifiyar Baraka ke kwance ba lafiya, kuma can har yanzu a tsohuwar tasha ake sanar da rasuwa da ƙarfe huɗu.

Baraka ta shiga shagon Tanimu mai gyaran rediyo, ta durƙusa.

"Baba, minti biyar kawai."

"Ke, so kike a rufe mini shago?"

Ya saci kallon sabuwar rediyon da ke kan kantar shagon tana zuba farashin taki. Sannan ya zaro tsohuwar rediyo da aka haramta daga buhun dusa, ya kara mata a kunne.

Tana fara shuuu, sai ta kan kantar ta yi tsit, abin da ba ta taɓa yi ba.

Aka karanta suna na farko, na biyu. A na uku Baraka ta dafe ƙirji.

"Baraka," in ji sabuwar rediyon a hankali, "Allah ya jiƙan Inna. Kai kuma Malam Tanimu, zauna inda kake."