Sai An Tarar Da Jini

Likita ta zura siririn ƙarfe cikin hancin Yaya, ta danna.

"Ka ji zafi?"

"Ko kaɗan," ya ce, har da murmushi.

Na yi caraf na ce, "Ai ya samu sauƙi, likita. Kwana huɗu yana fama da kuncinsa, jiya zafin ya ɗauke cak. Shi ya sa ma ba mu zo jiyan ba."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta zaro ƙarfen ta duba tsininsa. A bushe yake, babu ɗigon jini.

"Magungunan da yake sha don kada jikinsa ya ƙi ƙodar da kika ba shi sun karya masa garkuwar jiki," ta ce. "Fumfuna ce ta shiga kogon hancinsa, tana cin nama, ta doshi ido. Ba warkewa ya yi ba. Naman da ke jin zafin ne ya mutu."

Ni ce nake zuba masa magungunan nan a tafin hannu kowace safiya.

"Yanzu za mu shiga tiyata. Za mu yi ta yankewa har sai mun tarar da nama mai jini."

Na ce, "In ba ku tarar ba fa?"

Ta juya ta ce a turo gado.

Shekara biyu ina kaffa-kaffa da shi, ko reza ba na bari ya taɓa. Yau ga ni durƙushe a ƙofar ɗakin tiyata, ina roƙon Allah ya sa Yaya ya yi jini.