Muryar Mai Wanki

Da dariya ta ɓarke a sinimar, sai jarumar fim ɗin, da ke zaune cikin 'yan kallo, ta sunkuyar da kai. Fim ɗinta na farko ke nan mai magana a Hollywood, labarin 'yar mai wanki da ta auri ɗan attajiri. Da darakta ya nemi muryar talakawa mai sa 'yan kallo riƙe ciki, ba ta je nesa ba, mahaifiyarta mai wanki ta kwaikwaya, har da jan hancinta.

Surukarta, matar mai banki, ta taɓo ta tana share hawayen dariya. "A ina kika tsinto wannan baƙauyiyar?"

"A titi," in ji ta.

Mahaifiyar kuwa tana can kujerar baya, inda 'yar da kanta ta ajiye ta.

Da aka tashi, tsohuwar ta tare ta a bakin ƙofa, ta gyara mata wuyan riga da hannun da sabulu ya cinye.

"Mama, ki yi haƙuri, ni..."

"Gobe ma zan dawo," in ji tsohuwar. "Tun da kika yi aure, sai yau na ji 'yata ta yi magana irin ta gidanmu."