Kwamfutar Da Ta Tsani Matar Injiniya

Yau ma shi ya ɗebo yara daga makaranta, shi ya ɗora tukunya, kuma yau ma abincin ya kama. Wata biyar ke nan injiniya yana wannan bauta, duk saboda wata kwamfuta da ke ƙofar masana'antar magani inda matarsa take aiki.

Kowace yamma kwamfutar tana zaɓo lambar ma'aikaci ɗaya a binciki jakarsa, wai ba sani ba sabo. Amma kullum 47 ce ke fitowa, lambar matarsa. Kafin a sallame ta motar ma'aikata ta tafi, sai ta jira ta biyu har awa biyu.

"Ni dai na'urar nan ta tsane ni, baban yara," take cewa in ta zube a kujera. "Me ka dafa?"

Da tura ta kai bango, ya nemi izinin manaja ya je da kansa. Aka kai shi ɗakin masu gadi, wani ɗaki mai sanyi da doguwar kujera da butar shayi.

Cikin rabin awa ya gano ciwon. Kwamfuta ba ta iya ƙuri'a da kanta, sai an ba ta wata lamba ta somawa da ake kira iri, sabuwa a kowane tashi. To ita manhajar zaɓen riga malam masallaci take yi: da an kunna ta tashi, tun ba a ɗauko irin ba. Shi ya sa duk kunnawa da tsohon jerinta take farawa, wanda lambarsa ta farko ita ce 47. Layi ɗaya ya gyara, ya sa ta riƙa jiran iri tukuna.

Ya miƙe yana hura hanci, daɗi har kunne, ya rabu da ludayi.

"Daga yau kowa da sa'arsa," ya ce wa shugaban masu gadi. "Amma malam, ai da ana barinta a kunne da lambobin sun riƙa canzawa. Wa ke kashe ta kullum?"

Mutumin ya sosa ƙeya.

"Wallahi yallaɓai ba mu ba ne. Wata baiwar Allah ce ke zare wayar wutarta ta mayar kowace safiya. Lambar ma roƙo ta yi aka musanya mata, ta ce duk duniya nan kaɗai take miƙe ƙafa ta sha shayi ba mai kiranta. Mai lamba 47."