Takardun Mahaifin Kellu

Ƙarnin bandar kifi ne ya fara dukan hancin Dokta Halilu lokacin da tsohuwa Kellu ta jawo buhun daga ƙarƙashin gadonta a Shetimari. Takardu ne cunkushe, ɓera ya yi musu fitsari, gara ta cinye gefensu. Ya toshe hanci da hankici.

Shi ne shugaban ɗakin karatu na wata jami'a. Littafinsa kan tarihin garuruwan bakin Komadugu, wanda ya fito a 1993, shi ya kai shi wannan kujera. Tun daga nan, duk shekara sai ya zo Diffa farautar tsofaffin rubuce-rubucen ajami, ƙauye bayan ƙauye. Yau shekara goma sha biyu ke nan.

"Ya Kellu, haka ake wulaƙanta ilimi?" in ji shi, yana kakkaɓe kashin kaza daga wani shafi.

"Malam, mu manoman tattasai ne. Babana ya rubuta, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba."

Ya ture wasiƙu, ya ture waƙoƙi da takardun magani, bai ko dube su ba. Can ƙasa ya tarar da wani ƙunshi a cikin fata. Ya karanta shafin farko, ya duba na ƙarshe. Ya rufe ƙunshin da sauri, ya dube ta.

"Akwai wani irinsa?"

"Bakwai ya rubuta da hannunsa, ya raba wa abokansa shida. Nasu duk an ce ba su nan. Wannan ne ya rage." Ta riƙe hannun rigarsa. "Don Allah a kai shi inda jikokina za su ji sunan kakansu."

Ya bar mata sauran buhun. Bai rubuta mata takardar shaida ba, ita ma ba ta nema ba.

A hanyar Diffa ya karkata motarsa bakin kogi. Rana tsaka, ba kowa. Ya yayyage ƙunshin shafi-shafi, ya zuba a ruwa kamar yadda ya yi wa guda shidan, domin daga yau babu mai iya gane cewa littafin da ke ɗauke da sunan Dokta Halilu, mahaifin Kellu ne ya rubuta shi kalma da kalma.